Mijina Likita Ne, Amma Majinyata Sun Fi Ni Samun Sa

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah a sakaya sunana. Shekararmu shida da aure, Allah ya ba mu yara biyu. Maigidana likita ne a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, kuma su biyu ne kacal likitoci a wurin. Ba ya zagina, ba ya dukana, ban taɓa kama shi da wata ba, amma wallahi zaman da nake yi kamar na marar miji ne. Tsakar dare waya za ta yi ƙara, ya zura takalmi ya fita. Ranar sunan ɗanmu na biyu, ana shafa fatiha aka kira shi, bai dawo ba sai bayan lisha. Har gida mutane ke biyo shi da marasa lafiya. Albashi kuwa kafin wata ya raba ya tafi a sayen magani da kuɗin jini na mutanen da ko sunansu ban sani ba. Abin da ya fi ci mini rai, abokinsa ya samo masa aiki a Saudiyya ya ce ba ya so, kuma bai gaya mini ba, a bakin matar abokin na ji. Da na tuhume shi sai ya ce, "In na tafi, wa zai duba su?" Yanzu da na ji ƙarar wayarsa sai in ji na tsani mai kiran, alhali na san marar lafiya ne, ina tsoron kada Allah ya kama ni. Hajiya, me ke riƙe likitoci haka? Ko dai ni ce ba ya so?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, ki fara sauke tsoron nan tukuna. Macen da aka bari da jariri a hannu da gida cike da baƙi ranar suna, in ta ji zafi a ranta ba ta yi laifi ba. Kewar mijinki ce ke cin ki, waya kuma ita ke ɗauke shi, shi ya sa haushin ya sauka a kanta da mai kiranta. Da zuciyarki ta bushe, da ba ki ji tsoron Allah a kan abin ba, balle ki rubuto.

Na yi aikin jinya da na unguwarzoma har na ajiye, mafi yawansa a asibitoci irin wanda mijinki yake, inda likita ɗaya ko biyu ke ɗauke da ƙaramar hukuma sukutum. Zan daɗe a kan tambayarki ta farko, don na lura matan likitoci da yawa suna kwana da ita shekara da shekaru, mazan kuma ba su iya amsa ta da baki ba.

Abin da ke kai yaro karatun likita daban ne da abin da ke tsayar da shi a kan aikin. Wani ƙoƙarinsa a makaranta ne ya kai shi, wani burin mahaifinsa ne, wani kuwa a kira shi Dakta yake so. Duk ba aibu. Sai dai waɗannan dalilan ba sa nisa. Shekara shida a jami'a, in yajin aikin malamai bai ƙara masa ba, sai shekara guda ta koyon aiki a asibiti, sai ta bautar ƙasa. Kafin ya fara ɗaukar albashin kirki, sa'o'insa da suka shiga kasuwa sun yi aure sun gina gida. Wanda don kuɗi ko suna kaɗai ya shigo, tun a nan yake fara neman ƙofar fita. Wanda ya tsaya, akwai abin da ya gani da idonsa.

Bari in nuna miki irin abin. Wajen ƙarfe biyun dare za a shigo da yarinya mai cikin fari daga ƙauye, an shimfiɗo ta a bayan a-kori-kura. Jikinta na jijjiga, idanu sun juye, ta tauna harshenta har jini, ƙafafu sun kumbura suntum. An riga an yi mata hayaƙi da tofi a gida, don an ɗauka iska ce, sai da abin ya faskara aka nemo mota. Uwarta na riƙe da kanta tana salati, mijin ya jingina da bango ya kasa magana. Likita ya auna jini ya ga ya hau sosai. Ya sa a yi mata allurar magnesium sulphate, a sa mata robar fitsari, a sauko da jinin. Jijjigar ta tsaya. Ya saurari bugun zuciyar ɗan, ya ga ba za a jira ba, ya ce a shirya ɗakin tiyata. Sau da yawa ana cikin aiki wuta za ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, nas ta haska masa da fitilar waya ya ƙarasa ɗinki. Kwana uku bayan haka in ya zo zagayen safe, sai ya tarar da ita zaune a bakin gado tana shan kunun kanwa, jariri a cinyarta, ta sunkuyar da kai don kunya, ba ta ma san shi ne ya yi mata aiki ba. Uwar ce za ta durƙusa tana sa albarka har sai ya ce, "Mama ki tashi, Allah ne ya yi."

'Yata, wanda Allah ya yi wannan ta hannunsa ko sau ɗaya, ba ya komawa yadda yake. Ya san da ya kashe waya a daren, da gawa biyu aka mayar ƙauyen. Kuma ba zato yake yi ba. Lokacin da aka shigar da wannan allura asibitoci goma na jihar Kano a 2008, matan da jijjiga ke kashewa sun sauko daga kusan ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da uku cikin ɗari. Magani ne mai araha, amma sai da wanda ya san yadda ake ba da shi, kuma yana kusa a lokacin.

Kuɗin da kika ce suna zurarewa, na san hanyar da suke bi. Za a kawo yaro ɗan shekara biyu da zazzaɓin cizon sauro, ka buɗe tafin hannunsa ka gan shi fari fat, numfashi sama-sama. Leda guda ta jini da allurar artesunate yake bukata, yanzu-yanzu. Uban zai laluba aljihu ya ce, "Likita, a yi mini haƙuri in koma gida, jibi kasuwarmu ke ci, in sayar da akuya in dawo." Likita ya san yaron ba zai kai asuba ba, balle jibi. Ga kuɗin gwajin jinin a aljihunsa. Me kike so ya yi? Mafi yawan waɗanda na yi aiki da su hannu suke sawa su ciro, su ce wa nas kada ta faɗa wa kowa. Da gari ya waye yaron ya buɗe ido ya yi kuka yana neman nono, sai ka ga likitan da bai runtsa ba yana murmushi shi kaɗai a kan fayil.

Akwai ɗaya gefen, wanda ba sa faɗa. Ba waɗanda suka warke kaɗai ke riƙe likita ba, waɗanda suka mutu sun fi riƙe shi. Ban taɓa aiki da likitan kirki ba face yana ɗauke da wasu fuskoki a ransa: matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ya iso ya tarar an rufe ta da zane, yaron da aka sallama da yamma aka dawo da shi da dare ba rai. Ya san ajali ne, ya yi imani da ƙaddara, amma zuciya ba ta daina tambaya, da na zo da wuri fa? Wannan tambayar ce ke zura masa takalmi tun wayar ba ta gama ƙara ba. Kuma ya yi rantsuwa zai riƙe sirrin majinyaci, shi ya sa yake shigowa gida ya ci tuwo shiru, ke kuwa ki fassara shirun da cewa ba ya marmarinki.

Maganar da ya yi miki, "wa zai duba su," kada ki ɗauke ta cika baki. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke ƙasar nan kusan 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. Mutum sama da miliyan 200 ke jiran waɗannan, kuma kaso mai yawa na likitocin a Legas da Abuja da manyan birane suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, sama da rubu'in na duniya baki ɗaya. A garin da kuke, in ɗaya ya tafi saura ɗaya, in shi ma ya gaji ya tafi, duk mai doguwar naƙuda sai an ɗauke ta zuwa birni, wata a hanya za ta cika. Mijinki ya san hanyar, ya san ramukanta, ya san awa nawa take ci.

Ga kuma lada. Na sha jin likitoci, musamman in dare ya yi tsawo, suna tuna wa juna ayar Suratul Ma'ida, cewa wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. Wannan abu bai tsaya ga addini guda ko ƙabila guda ba. Dakta Stella Adadevoh a Legas, a watan Yulin 2014, ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, baƙon da ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, duk da matsin da aka yi mata a sake shi. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka mutu, alhali Legas birni ne da miliyoyi ke cuɗanya kullum. A watan Janairun 2020, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun rasu da zazzaɓin Lassa bayan sun yi wa wata mai juna biyu aiki. Ga Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, da ya zo Babbar Ruga a Katsina farkon shekarun 1980 don aikin kuturta, ya ga halin da mata masu yoyon fitsari ke ciki, ya ƙarar da shekarunsa yana yi musu gyara, dubbai, yana kuma koyar da likitocinmu. Matan da miji ya saki, dangi suka ware musu tabarma saboda wari, su koma gida a bushe da kansu a sama. In kin tambayi irin waɗannan me ya riƙe su, da wuya su yi miki dogon bayani. Majinyacin ne a gabansu, su kuma sun iya abin da zai taimake shi.

Sauran ƙananan abubuwa ma suna da nasu daɗin. Daɗin gano ciwon da ya gagara, bayan an zaga wurare uku. Amanar da dattijo mai furfura zai ba yaro sa'an jikansa, ya gaya masa abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba. Tsohuwar da za ta zo bayan wata biyu da ƙwan zabi a ƙullin zane, ta ce sai ya karɓa.

Na san wasu masu karatu za su ce su ba irin waɗannan likitocin suka gamu da su ba, sun gamu da mai tsawa, mai wulaƙanta talaka, mai tura mutane asibitinsa na kuɗi. Akwai su, ban musa ba, kuma ba na kare su. Sai dai abin da ya sa na kawo su shi ne, wasu daga cikinsu na san farkonsu. Kamar mijinki suka fara. Suka yi ta bayarwa ba hutu, ba wanda ya tsayar da su, har tausayin ya ƙare ƙaf, ya bar gajiya da faɗa. Saboda haka abin da zan faɗa yanzu don ke ne, don shi ne, kuma don majinyatan ne.

Mijinki mutumin kirki ne, amma yana neman zama inuwar giginya, na nesa ke sha. Kuma kyawun aikinsa bai goge haƙƙinki ba. Ki tuna labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, Allah ya yarda da su, wanda Bukhari ya ruwaito. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da Ummu Darda'i cikin tufafi marasa kyau, ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwanka ba shi da bukatar duniya. Ai kuka ne irin naki ta kai. Abin da ya ɗauke Abu Darda'i kuwa azumin nafila ne da sallar dare, ba wasa ba. Duk da haka Salmanu ya ƙi cin abinci sai da ya karya azumin, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa nasa. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In sallar dare ba ta zama hujjar barin mace cikin kaɗaici ba, asibiti ma ba zai zama ba.

Su kansu likitocin duniya sun gane haka. Rantsuwar nan tasu da aka tsara a Janeba a 1948, da aka sabunta ta a 2017 an ƙara alkawarin cewa likita zai kula da lafiyarsa da walwalarsa, don ya iya kula da wasu yadda ya kamata. Hannun da bai yi barci ba kwana biyu shi ke kuskuren awon magani.

Yanzu in rarrabe miki laifukan, don ba nauyinsu ɗaya ba. Fitar ranar suna, in dai rai ne a kan gado kuma ɗayan likitan ba ya nan, ba zan ce ya zauna ba, ke ma na tabbata ba za ki so a ce wata ta mutu ana rabon waina a gidanki ba. Inda ya gaza shi ne in ya dawo bai zauna ya ba ki haƙuri ba, bai nuna ya san abin da ya rage miki ba. Maganar kuɗi ta fi wannan nauyi. Ciyar da ku wajibi ne, sayen maganin wani sadaka ce, kuma Annabi ya ce a fara da waɗanda ke ƙarƙashin mutum. Wanda ya bar tukunyar gidansa ba komai ya je ya cika ta wani bai bi tsari ba, komai kyawun niyyarsa. Mafi nauyi shi ne na Saudiyya. Ƙin zuwan ba laifi ba ne. Ɓoye miki shi ne laifin. Magana ce da ta shafi makarantar 'ya'yanki, da inda za ki tsufa, ya yanke ta shi kaɗai, kika ji a bakin wata. Wannan ya ci a ba ki haƙuri a fili. Zatona ya ɓoye ne don ya san hujjarki tana da ƙarfi, yana tsoron in kuka zauna zai kasa amsa ki. Amma tsoro ba uzuri ba ne.

Akwai wata magana mai ɗaci da zan faɗa don ina ƙaunarku. Wani lokaci asibiti yakan zama maɓoya. A can kowa na bukatarsa, kowa na gode masa, ya san amsar kowace tambaya. A gida kuwa ga mace mai fushi da bai san maganin fushinta ba. Sai ƙafa ta riƙa jan shi inda ya fi iyawa, shi kansa bai lura ba. In kullum ya shigo da ƙorafi ake tarbarsa, kin ƙara tura shi can. Ban ce ki haɗiye damuwarki ba. Cewa na yi ki zaɓi lokaci da hanya.

Kada ki tare shi ranar da ya kwana a asibiti. Ki bari ya yi barci ya ci abinci. Kuma kada ki jera kanki da majinyata ki ce ya zaɓa, don duk ranar da kika yi haka, kin sa shi ya ga kamar ana so ya bar wani ya mutu don ya faranta miki, zai kuwa toshe kunne. Ki fara da tambayarsa yadda aka kwana da wadda aka kira shi dominta, ba sai ya faɗi suna ba. Mutumin da ya daɗe yana ɗauke da kaya shi kaɗai, in ya samu mai tambaya za ki sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe. Daga nan ki faɗi naki kai tsaye: "Ina alfahari da aikinka, amma ina kewarka, yara ma haka, kuma maganar Saudiyya ta yi mini ciwo."

Sai ki nemi abubuwan da za a iya gani a ƙirga, don "ka riƙa ba mu lokaci" magana ce da iska ke ɗauka. Tunda su biyu ne, akwai jadawalin kwana, ki ce ya manna miki shi a ɗaki. Daren da ba nasa ba, layin da duk gari ya sani a rufe shi, a bar wani layi da abokin aikinsa da babbar nas kaɗai suka sani, don in tiyata ta taso da ke bukatar hannu biyu. Masu biyo shi gida, shi ne zai gaya musu da bakinsa, cikin mutunci, su same shi a asibiti, ba ke ba, don kada a ce matar likita ce ke korar mutane. Wannan ma gata ne ga kowa: a zaure ba abin awo ba magani, kuma mai tarin fuka ko ƙyanda ko mashaƙo bai kamata ya zauna inda jaririnki ke rarrafe ba. Wannan hujjar likita ba zai iya musa ta ba.

Kuɗi kuwa, ranar da albashi ya shigo a fara cire na abinci da haya da makaranta da ɗan ajiya. Sannan ku ware wani kaso ku biyun, ku sa masa suna kuɗin majinyata. In ya ƙare, ya ƙare. Ke ma kin shiga ladan ke nan, maimakon ki zama wadda ake ɓoye wa. Kuma nauyin talakawan ƙaramar hukuma guda ba na aljihun mutum ɗaya ba ne. Garin akwai hakimi, akwai limamin Juma'a, akwai 'yan kasuwa masu fitar da zakka, akwai matasan da za su ba da jini in an rubuta sunayensu da rukunin jininsu tun kafin bukata ta taso. Likitan da mutane ke ƙauna irin mijinki, in ya tsaya bayan sallar Juma'a ya nemi a kafa asusun marasa ƙarfi, za a saurare shi. Haka nan neman ƙarin likita, ko da mai bautar ƙasa ne, manyan gari su ne za su taka zuwa hukumar kula da asibitoci ta jiha su nema. Hutunsa na shekara kuma ya ɗauka, ku bar garin, don in yana gari ba hutu.

Game da Saudiyya, ba zan ce muku ku tafi ko ku zauna ba. Wanda ya tafi don ya riƙe iyalinsa da iyayensa bai ci amanar kowa ba, gwamnatocin da suka kasa riƙe shi su ne abin tambaya. Wanda ya zauna ma ba wawa ba ne. Ki sani dai can ɗin ma akwai aikin kwana, kuma za ki yi nesa da mahaifiyarki da 'yan'uwanki, kaɗaicin na iya fin na yanzu. Akwai hanya ta uku da ya kamata ku duba, wato ya nemi gurbin ƙwarewa a asibitin koyarwa, Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri. Shekara biyar zuwa shida ne masu wahala, ba zan ɓoye miki ba, amma a ƙarshensu zai fito babban likita, amfaninsa ga mutane ya ninka, hannunsa ma ya ɗan buɗe. Abin da kike da haƙƙin nema shi ne ya zauna da ke da takarda da biro, ya gaya miki shekara nawa yake niyyar ƙarawa a nan, me zai biyo baya, yaran kuma wace makaranta za su shiga. Ku sa wata da za ku sake duba maganar.

In kin yi duk wannan bai motsa ba, kada ki fara da kai ƙara gidanku, don zai ji kamar an kira shi mugu alhali yana ganin alheri yake yi. Ki nemi wani babban likita da ya koyar da shi, wanda yake jin nauyinsa, ko ta hannun matarsa. Irin waɗannan sun bi ta wannan hanyar, wasu sun yi asarar aure a kanta, kuma maganarsu tana shigarsa fiye da ta kowa.

Ki kuma sa masa ido, don ke ce kika fi kowa kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta amince cewa gajiyar aiki mai cin rai abu ne na gaske, kuma likitoci na cikin waɗanda ta fi kamawa. In kin ga ya fara maganar majinyata da ƙyashi ko ba'a, ko yana cewa duk wahalar banza yake yi, ko barci ya ƙaurace masa har yana neman ƙwaya, ko yana gyangyaɗi a kan sitiyari, ko ya daina wasa da yara, kada ki jira wata ya zagayo. Ki kira abokin nan nasa ko malamin nasa a ranar, ki ce musu ɗan'uwansu na bukatar a duba shi. Allah ya raya muku yaran, ya ba shi ladan aikinsa, ya ba ki naki.